YARON DA YA KE CEWA ANA BINSA

Maganarmu ta yau ta iyaye ce, musamman 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Abijan ta ƙasar Kodebuwa, na Ajame da na Tireshbil, masu kanti da masu tebur, mahauta da 'yan albasa da direbobi. Amma mai jinmu daga Maraɗi ko Kano kada ya kashe rediyonsa, gama ciwon da za mu yi magana a kansa ba ya zaɓen gari.

Bari mu fara da misali. A ce ga yaro ɗan shekara 14 a wani gidan haya a Ajame, irin gidajen nan masu ɗakuna goma a kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Da can yaro ne mai fara'a, mai son ƙwallo, yana taya ubansa zaman kanti ran da babu makaranta. Sai aka ga ya soma janye jiki. Ya bar ƙwallo. Ba ya wanka sai an yi faɗa. Karatu ya lalace. Da dare kowa na barci, shi kuwa idonsa biyu, yana zaune ya kasa kunne ga bango. Uwa ta ce ƙuruciya ce. Uba ya ce taurin kai ne. Aka yi wata huɗu, aka yi wata biyar.

Ran nan aka kawo tuwo, sai ya ture kwano, ya ce an sa masa guba. Daga nan ba ya cin kome sai garba, watau aceke da kifin nan da 'yan Nijar su ke sayarwa a bakin hanya, ita ma sai wadda ya saya da hannunsa. Ya toshe ramin makulli da tsumma. Ya ce yaran mota da su ke kiran fasinja a tasha da shi su ke, suna sanar da juna inda ya ke. Ya ce matar da ɗakinta ke duban nasu tana jin abin da ya ke tunani. Wani lokaci ya yi dariya shi kaɗai, ko kuwa ya waiwaya ya amsa wa wanda babu mai ganinsa.

To, me ya sami yaron nan?

Kun san amsoshin da za a bayar a tsakar gida. Wani zai ce iska ce ta taɓa shi. Wata za ta ce sammu ne. Wani zai ce wiwi ya ke sha, a ba shi kashi ya dawo hanya. Mafi muni kuwa, uwa tana iya gaskata maganar ɗanta, gama ba ta taɓa saninsa da ƙarya ba. Sai ta daina gaida maƙwabciya, ko ta zargi kishiya. Zaman shekara goma ya lalace, ana nuna wata baiwar Allah da yatsa ana ce mata mayya, alhali ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Yaron kuwa yana nan da ciwonsa, babu wanda ya duba shi.

Ku saurara da kyau. Yaron nan ba ƙarya ya ke yi ba, ba kuwa gaskiya ya ke faɗa ba. Babu guba a tuwo, babu mai binsa. Amma tsoron da ya ke ji tsoro ne na gaske, daidai da naku ran da ɓarayi suka tsare ku a hanya. Wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe rabin abin da za mu faɗa yau.

A cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wani aiki mai kama da na mai gadi. Dubban abubuwa suna wucewa ta ido da kunne, mai gadin nan shi ne ya ke cewa, wannan ba kome ba ne, wannan kuwa a kula da shi. Wani sinadari da likitoci ke kira dofamin yana da babban hannu a cikin aikin. Idan abin ya rikice, mai gadi sai ya riƙa busa usur a kan kome. Mutum ya yi tari a waje, usur. Mata biyu sun yi dariya a bakin famfo, usur. Mota ta tsaya a ƙofar gida, usur. Yaro yana jin cewa lalle akwai wani abu, bai kuwa san ko mene ne ba. Hankali ba ya iya zama da tambaya babu amsa, saboda haka sai ya ƙulla labari: ana bina, an haɗa kai a kaina. Da labarin ya kafu, kowane tari da kowace dariya sai su zama shaida.

Muryoyin fa? Kowa ya kan yi zance a zuci, ya kuwa san nasa ne. Mai wannan ciwo alamar nan ta "nawa ne" ita ce ta ɓace masa, sai zancen zucinsa ya zo masa kamar daga waje. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon a lokacin da su ke jin murya, aka ga wuraren magana da na ji suna aiki. Ashe da gaske ya ke ji, ko da ya ke babu mai magana. Sau da yawa muryoyin zagi su ke yi, ko su riƙa ba da labarin abin da ya ke aikatawa, wani lokaci har su ba shi umarni.

Idan alamun nan suka taru suka daɗe, likitoci su kan kira ciwon sikizofireniya. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya raɗa sunan a 1908. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 24 ke da shi a duniya, watau kamar ɗaya cikin 300. Yawanci ya kan fito daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, maza kuwa ya kan riga kama su kafin mata. Kafin shekara 13 da wuya ƙwarai a same shi. Akwai gado a ciki, amma ba kamar yadda mutane ke zato ba. Idan uba ko uwa na da shi, wajen ɗa ɗaya cikin 10 ne ya kan samu, tara su tsira. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, ba lalle ɗayan ya kamu ba. Wahalar haihuwa, da azabar da yaro ya sha yana ƙarami, da shan wiwi tun da ƙuruciya, duk suna ƙara haɗari. Ba rashin tarbiyya ne ke kawo shi ba. Uwa, ki daina tuhumar kanki.

Amma a nan sai mu ja linzami. Kada wani ya ji wannan jawabi ya tashi ya laƙaba wa ɗansa suna. Ko likita ba ya yanke wannan hukunci a zama ɗaya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce alamun su kai wata guda, likitocin Amurka kuwa sai damuwar ta kai wata 6. Dalili shi ne abubuwa da yawa suna kama da shi a wurin yaro.

Na fari, zazzaɓi. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da taifot, da sanƙarau, duk suna sa sambatu da gane-gane. Bambancin shi ne wannan farat ɗaya ya ke zuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu, da zafin jiki, yaro bai san inda ya ke ba, bai san ko safiya ce ko yamma ba. Irin wannan ba a kwana da shi a gida. A ɗauke shi nan da nan, ko babban asibitin Ajame, ko asibitin koyarwa na Tireshbil, gama yana iya kisa cikin kwanaki kaɗan, yana kuwa da magani. Akwai kuma wata irin farfaɗiya wadda ba ta kayarwa, sai dai yaro ya yi zuru, ya yi abin da bai sani ba.

Na biyu, shaye-shaye. Mutanen Abijan ba su manta da 2023 ba, shekarar da sunan Kadafi ya cika gari, watau ƙwayar tiramol da samari ke haɗawa da barasa. Wiwi ma yana iya sa wa yaro zargi da jin muryoyi. Wani in ya bari sai ya warke cikin 'yan kwanaki ko makonni. Wani kuwa shan ne ya tayar da ciwon da ke kwance. Wani kuma ciwon ne ya riga zuwa, ya kama sha don ya sami barci. Ko wanne ne, duka ba ya fitar da shi.

Akwai kuma wani ruɗewar hankali mai zuwa da ƙarfi ya wuce cikin 'yan makonni, wanda likitocin da suka yi karatu da Faransanci suka sani sarai, waɗansu masu shi ba ya sāke dawo musu. Akwai baƙin ciki mai tsanani. Akwai kuma abin da iyaye ba su son ji: wani yaron da ya ce ana binsa, da gaske ana binsa. Wataƙila wani babba ne ke lalata da shi, ko 'yan daba sun tsare masa hanyar makaranta. Saboda haka kafin a ce ruɗu ne, a zauna da shi a keɓe, a tambaye shi a hankali, a bincika.

To, ina za a kai shi? Mutanen Ajame, taimako yana kusa da ku fiye da yadda ku ke tsammani. A cikin unguwarku ne Cibiyar Lafiyar Jama'a ta Ƙasa ta ke, wadda a ke kira INSP. A cikinta akwai sashen da ke duba masu taɓin hankali su koma gida, ba kwanciya, akwai kuma sashen yara. Mutanen Tireshbil gada kaɗai za su haye. Wanda ciwonsa ya yi tsanani har ya bukaci kwanciya, akwai asibitin Binjabil a gabas da Abijan, wanda aka buɗe a 1962. Na san sunan Binjabil ya zama abin tsokana a bakin mutane, har uba ya kan ce gara kome da a ji ɗansa ya je can. Ni dai a ganina kunyar kwana ɗaya ba ta kai asarar shekaru ba. An auna an gani, yawan daɗewar da mai wannan ciwo ya yi ba magani, yawan wuyar da warkewarsa ta kan yi. Yaro ɗan shekara 14 kuwa, kowane watan da ya ɓace masa, watan karatu ne da koyon sana'a da koyon zama da mutane.

In za ku tafi, ku tafi da wanda ya fi sanin yaron, yawanci uwa. In Faransanci bai zauna muku ba, ku nemi tafinta mai riƙon asiri, ba wanda zai baza labari a tasha ba. Ku faɗi yaushe abin ya soma, yaya barcinsa, me ya sha, wane magani aka riga aka ba shi, ko akwai mai irin wannan a dangi. Kada ku ɓoye kome don kunya.

Kakanninmu ba su da maganin wannan ciwo, Turawa ma ba su da shi sai 1952. A shekarar nan ne likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada wani magani a asibitin Sainte-Anne na birnin Faris, wanda aka sani da suna Largactil, suka ga marasa lafiya da aka fid da rai da su sun natsu. Bayansa aka sami waɗansu, kamar haloferidol da risferidon. Dukansu rage ƙarar usur ɗin nan su ke yi. Barci da natsuwa su kan zo cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sai a hankali, mako biyu har zuwa shida. Wanda ba ya iya riƙe shan ƙwaya kullum, akwai allura ta bayan mako biyu ko ta wata-wata.

Maganin yana da nasa wahala, ba za mu ɓoye muku ba. Ya kan kawo yawan barci, da ƙiba, da rawar hannu, da sandarewar jiki. Wani yaron wuyansa ya kan karkace, ko idonsa ya kafe sama, iyaye su firgita su ce ga aljanin ya fito. Ba aljani ba ne, aikin maganin ne, likita kuwa yana da abin da zai warware shi, ko ya rage, ko ya sauya. Ku koma ku faɗa masa. Abu biyu ne kada ku yi. Kada ku tsayar da magani don yaro ya sami sauƙi, gama bayan tashin fari a kan ci gaba da sha shekara guda ko fiye, yawancin waɗanda suka yanke da wuri kuwa ciwon ya kan dawo musu. Kada kuma ku sayi ƙwaya a tire a kasuwar Roksi ta Ajame don ta fi araha. Ba ku san abin da ke cikinta ba, mai sayarwa ma bai sani ba.

Yanzu ga zaman gida, wanda shi ne mai wuya. Idan yaro ya ce, "Baba, sun sa mini guba," kada ka ce masa mahaukaci, kada kuma ka zauna kana jayayya da shi har dare, gama hujja ba ta tumɓuke wannan zato. Kada kuwa ka ce, "Haka ne, na gan su." Ka ce masa, "Ɗana, ni ban ga guba ba, amma na ga kana jin tsoro. Zo mu ci tare." Ka sa hannu a kwanonsa ka fara ci. Idan ya ce yana jin murya, uwa ta ce, "Ni ban ji ta ba. Me ta ke ce maka?" Wannan tambaya tana da muhimmanci ƙwarai. In muryar tana ce masa ya kashe kansa, ko ya ji wa wani ciwo, ranar nan za a kai shi asibiti, ba gobe ba. Wajen ɗaya cikin 20 na masu wannan ciwo da hannunsu su ke mutuwa, haɗarin kuwa ya fi yawa a shekarun fari. A kawar da wuƙa da igiya da maganin ɓera da na ƙwari. Tambayar yaro ko yana tunanin mutuwa ba ta sa masa tunanin, sai ma ta ba shi ƙofar magana.

Kada a yi raɗa a gabansa. Kada mutum biyar su taru a kansa suna magana gaba ɗaya. Kada ku ɓoye magani a cikin abincinsa da shawarar kanku, gama ran da ya gane, kun tabbatar masa da abin da ya ke tsoro, ba zai ƙara amincewa da kwanon gidan ba.

Mutane suna tsoron mai taɓin hankali, amma yawancinsu ba su taɓa kowa, su ne ma a ke cuta. Ku tuna inda ku ke zaune. Yaron da ya fita da gudu yana waige-waige a kasuwar Ajame, a garin da mutane suka sha wuyar yaran nan 'yan fashi da a ke kira mikorob, wa zai tsaya ya tambaye shi lafiya? Ihu ɗaya na "ɓarawo" ya isa. Saboda haka ku sanar da maƙwabta biyu ko uku masu hankali, da mai unguwa ko shugaban 'yan garinku, cewa yaron ba shi da lafiya, in an gan shi a waje a rako shi gida. Matar nan da ya zarga kuwa, ku je ku ba ta haƙuri, ku bayyana mata.

Iyaye za su tambaya, addu'a fa? Babu likitan kirki da zai hana uwa yi wa ɗanta addu'a, ko ya hana malami ko fasto zuwa gaishe shi. Abin da mu ke ƙi shi ne a mai da wurin addu'a kurkuku. A Kodebuwa da maƙwabtanta akwai sansanonin addu'a inda a ke ɗaure marasa lafiya a gindin itace, a hana su abinci da sunan azumi. A ƙasar Hausa mun san turu da mari. Kada Kirista ya nuna Musulmi, kada Musulmi ya nuna Kirista, abin yana ko'ina. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta sami shaidar irin wannan ɗauri a ƙasashe 60. Ku duba abin daga wajen yaron. Ya ce an haɗa kai a kansa, sai ga ubansa da kawunsa sun danne shi, sun sa masa sarƙa, sun miƙa shi ga baƙo mai bulala.

A ƙasar nan ta Kodebuwa akwai wanda ya nuna wata hanya. Grégoire Ahongbonon mutumin Binin ne, ya zo a 1971, mai faci ne a Buwake, ba likita ba. Wajen 1990 ya soma kula da masu taɓin hankali da ke yawo a titi, yana kai musu abinci da ruwa, sa'an nan ya shiga ƙauyuka yana kwance waɗanda aka ɗaure. Ƙungiyarsa ta Saint Camille ta buɗe gidanta na fari a Buwake a 1994, aikin ya kai har Binin da Togo. Magani su ke bayarwa, da abinci, da koyon sana'a, da yawa daga masu jinya a gidajen kuwa waɗanda suka warke ne. Tun kafin shi, a 1954, Dokta Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye a Aro kusa da Abekuta, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, suna karɓar magani da rana suna kwana cikin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla ɗaya cikin uku na masu sikizofireniya alamun su kan rabu da su sarai. Waɗansu kuma ya kan tafi ya dawo, amma da magani suna aiki, suna aure, suna riƙe gida.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi baƙi kamarmu. In abu ya gagara a Abijan, abin da a kan fara cewa shi ne a kai shi gida. A sa yaro a mota a tashar Ajame, kwana biyu ko uku a hanya, a sauke shi a ƙauye wurin kaka. Wani lokaci da dalili, gama ɗaki ɗaya ne, haya da tsada, mai gida ya soma ƙorafi. Amma ku yi lissafi. Tafiya mai nisa cikin baƙin fuskoki, da tsayawa a kan iyaka inda masu kaki ke duba takardu, azaba ce ga mai jin ana farautarsa, yana kuwa iya tsere muku a garin da ba ku san kowa ba. In tilas ne, a bari sai ya natsu tukuna. Babba wanda ya amince da shi ya raka shi. A karɓi takarda daga likita mai sunan maganin da yawan da a ke sha, a riƙe maganin da zai kai wata biyu. A kuma san tun daga nan inda za a ci gaba: a Yamai akwai sashen masu taɓin hankali a babban asibitin ƙasa, a Kano akwai Dawanau, a Kaduna akwai Barnawa, a wajen Sakkwato akwai Kware. In ƙauyen ya yi nisa da waɗannan duka, a tambayi likitan Abijan ko za a mai da shi kan allurar wata-wata kafin a tashi, a kuma sami ma'aikacin asibiti mafi kusa da ƙauyen wanda zai riƙa yi masa ita.